Jirgin ƙarƙashin ruwa

Kore Mairuwa tana cikin Dallol Mawuri, bisa babbar hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi. Teku na nesa ƙwarai da garin. Amma da damina tabkuna na cika, yara na wankin kwanuka bakin ruwa. Kowane yaro ya san abu guda: kwanon ƙarfe wofi yana zama bisa ruwa, in ruwa ya shiga ya cika shi, sai ya nutse. Da wannan dabara ce jirgin ƙarƙashin ruwa ke aiki.

Ruwa na tura kowane abu sama. Ƙarfin turawar daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture. Tano mai cin litir 200, in an rufe bakinsa, ba ya nutsewa sai nauyinsa da na abin da ke ciki sun wuce kilo 200. Don haka mai ƙera jirgin yakan yi masa tankuna. In yana son sauka, sai ya buɗe su ruwa ya shiga. In yana son hawa, sai ya kori ruwan da famfo ko da iska.

Mutane sun daɗe suna gwadawa. A 1620, wani mutumin Holanda mai suna Cornelis Drebbel ya yi jirgi na katako a birnin Landan. Ya lulluɓe shi da fatar da aka shafa wa mai, don kar ruwa ya shiga, ana tuƙa shi da filafili cikin kogin Thames. A 1775, David Bushnell na Amurka ya ƙera nasa, na mutum ɗaya tak. Ya sa masa suna "Kunkuru". Mai tuƙi na shigar da ruwa da ƙafa, yana fitar da shi da famfon hannu. A ƙasan jirgin akwai dalma mai nauyi, wadda ake iya saki in hatsari ya zo. Iskar ciki ba ta wuce ta rabin awa ba. A 2009 ma, kusa da Bejin, wani mutumin Sin ya gwada jirgin da ya haɗa da tsofaffin tanonin mai.

Nutsewa ba wuya gare ta ba, dutse ma na yi. Dawowa ce aiki. A 1774, wani kafinta, John Day, ya shiga jirgin katako a Plymouth ta Ingila. Ya ɗaura masa manyan duwatsu, da nufin ya sake su in lokacin fita ya yi. Jirgin ya nutse, bai sake fitowa ba.

Abu biyu ke kashe mai irin wannan jirgi. Na farko, nauyin ruwa. A zurfin metir 10, ruwa na danne kowane santimetir murabba'i da kilo ɗaya. Ƙofa mai faɗin metir ɗaya da tsawon metir ɗaya tana ɗauke da tan 10 ke nan, wato buhu 100 na hatsi masu kilo ɗari-ɗari! A metir 20, nauyin ya ninka. Shi ya sa ake yin jikin jirgin kewayayye kamar tulu, don nauyin ya rabu ko'ina. Ko masu kuɗi da injiniyoyi ba su tsira ba: a 2023 ruwa ya murƙushe jirgin Titan cikin tekun Atlantika, mutum 5 suka mutu.

Na biyu, iska. Masu ginin rijiya sun san wannan tun kaka da kakanni. Kafin su shiga tsohuwar rijiya, sukan zura fitila da igiya. In ta mutu, ba mai sauka. Cikin jirgi rufaffe, numfashin mutum da kansa ke ɓata iskar. Kansa ya yi ciwo, jikinsa ya mutu, har ya kasa taɓa famfo.

Aiki cikin aji

A samo butalin roba, da tiyo siriri, da ƴan duwatsu. A huda ƙananan ramuka 3 a gefe guda na butalin, a ɗaure duwatsun a wannan gefen. A huda marfi, a zura tiyo, a liƙe da ƙaro. A sa butalin cikin bahon ruwa. In an bar bakin tiyo buɗe, ruwa na shiga, butali ya nutse. In an hura, sai ya taso. Cikin baho kawai ake yin wannan gwaji, ban da tabki, ban da rijiya.

Tambayoyi

1. Mi ya sa kwanon ƙarfe wofi ba ya nutsewa?
2. Don mi Bushnell ya sa dalma a ƙasan jirginsa?
3. Tan nawa ƙofar nan za ta ɗauka a zurfin metir 30?