Manuni Ko Lambar Gurbi: Wanne Ya Fi Sauri?

Ɗalibai masu koyon harshen kwamfuta na C sukan yi gardama a kan wannan tambaya. Bari mu duba ta a tsanake.

Ku ɗauki ɗakin kwanan ɗalibai, gadaje a jere. Shugaban ɗaki yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya lissafa inda kowane gado yake, ko kuwa ya taka daga wannan gado zuwa na gaba. Haka jeri yake a ma'ajiyar kwamfuta. In jerin ya fara daga adireshi 1000, kowane gurbi kuma yana cin bayit 4, to gurbi mai lamba 3 yana a 1012, domin daga sifiri ake fara ƙirga. Wanda ya rubuta a[i] ya sa kwamfuta ta ninka lambar sau 4 ta haɗa da adireshin farko. Mai amfani da manuni kuwa ƙara 4 kawai yake yi a kowane taku.

A zamanin da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs ta Amurka, wajen 1972, ninkawa ta fi tarawa cin lokaci ƙwarai. Na'urar PDP-11 kuma tana iya karanta gurbi ta matsa gaba da umarni ɗaya. Shi ya sa littafin C na Kernighan da Ritchie, wanda ya fara fitowa a 1978, ya nuna cewa manuni ya fi sauri galibi.

Amma abubuwa sun sāke. A ƙa'idar C, a[i] da *(a+i) abu ɗaya ne. Manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, irin su GCC, takan mai da ninkawar ta zama tarawa da kanta in an umarce ta ta gyara aiki. Tun daga Intel 80386 na 1985 kuma, na'urar tana ninka lamba sau 2, 4 ko 8 a cikin umarni guda. Saboda haka sau da yawa hanyoyin biyu sukan haifar da umarni iri ɗaya.

Haɗarin yana wani wuri. C ba ya hana kowa wuce ƙarshen jeri, kuma kuskuren ya fi wuyar gani a cikin lissafin manuni. A Nuwamba 1988 wata muguwar manhaja da Robert Morris ya saki ta bi ta irin wannan ɓaraka ta gurgunta dubban kwamfutoci a Amurka.

Don haka, ya ku ɗalibai, ku rubuta abin da ɗan'uwanku zai karanta ya gane. In aiki ya yi nauyi, ku auna lokacinsa tukuna kafin ku taɓa kome. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu aminci a cikin ƙananan ayyuka.