Kafin Ka Kama Hanyar Legas

Ɗana, jiya da ka zo gaishe ni nan gida Nassarawa GRA, ka ce an damƙa maka tirela, jibi za ka yi lodin wake a Dawanau ka nufi Legas. Na yi farin ciki ƙwarai. Baƙi ne suka hana mu zama, shi ya sa na rubuto maka.

Maganata a kan taya ce. Ka auna iskarta da asuba, mota ba ta motsa ba, tayoyi na da sanyi. Da geji za ka auna, ɗana. Na san yaran mota sun saba zagayawa da ƙarfe suna ƙwanƙwasawa suna kasa kunne, amma kunne ba ya raba iska 110 da 90. Abin da ya dace da nauyin kayanka yana cikin littafin motar, iyakarsa kuma a rubuce take a jikin tayar.

Ka durƙusa ka leƙa tayar ciki, wadda 'yar'uwarta ta tare. Ita ta taɓa kwanar da ni a daji tsakanin Mokwa da Jebba. Tana sacewa a hankali ban sani ba, ta waje ta ɗauki nauyin biyu, ta yi zafi har ta tarwatse. Ƙarar tana kunnena har yau. Allah ne ya kiyaye babu mai babur a gefena.

In kun tsaya Tafa da tsakar rana ka ga geji ya hau, kada ka bari mai faci ya rage. Zafin kwalta ne ya ɗaga shi, da ta huce zai sauko.

Tayar Beljiyam kuwa, kada kyan fuska ya ruɗe ka. Nemi lambobi huɗun nan na gefenta: 1523 na nufin mako na 15 a shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara 4 take ba taya daga ranar da aka yi ta.

Ɗaure notuna, duba safaya da jak, da tiyon iskar birki, da inda kai ya kama bodi.

In maigidanka ya matsa ka tashi da taya mai tsagu, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, amma kada ka tashi. In ya ƙi ji, turo min shi. Ka buga min waya idan ka haye gadar Jebba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.