Tafintan Na'ura: Sabunta Direbobin Kwamfuta da Aikin Ɗalibin Kimiyyar Harshe a Zinder

Kalmar da Turancin Ingilishi ya zaɓa wa ƴar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urorin da ake jona mata ita ce wadda Hausa ta ara tun tuni ta mayar "direba". Faransanci kuwa ya kira ta pilote, wato matuƙi, kuma wannan sunan ne ɗalibi zai tarar a yawancin kwamfutocin Zinder. Duka sunayen biyu suna sa a zaci tuƙi take yi, alhali aikinta ya fi kama da na tafinta. Babbar manhaja, kamar Windows, tana ba da umarni na bai-ɗaya: a ɗauki sauti, a buga shafi, a haska hoto. Kowace na'ura kuma, makirufo ko firinta ko gilashin allo, tana da nata yaren da kamfanin da ya ƙera ta ya ɗora mata. Direba shi ne ke tsaye tsakani yana mayar da zance. In ya tsufa, ko aka ɗora wanda ba na wannan na'urar ba, sai saƙo ya isa a gurgunce ko ya ƙi isa sam. Za a ci gaba da cewa "direba" a nan saboda shi bakin masu gyara ya saba da shi.

Batun ya shafi ɗalibin harshe fiye da yadda ake zato. Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, buƙatar rubutacciyar Hausa mai tsafta ta ƙaru. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke tattara maganganun dattawa a unguwar Birni, ko a Mirya da Magarya da Matamaye, da kwamfuta yake ɗaukar murya, da ita yake rubutawa, da ita yake buga kundinsa. A kowane mataki akwai direba a ƙarƙashi.

Abin da ba laifin direba ba ne

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne baƙaƙe masu ƙugiya sun ƙi fitowa. Ɗalibi ya nemi ƙ ya rasa, sai a ce masa ya sabunta direban allon madannai. Wannan shawara ɓata lokaci ce. Allon madannai ba haruffa yake aikawa ba, lambar mazaunin maɓallin da aka taɓa kawai yake aikawa, kuma direbansa yakan isar da wannan lamba ba tare da matsala ba. Wanda ke yanke hukuncin harafin da lambar za ta zama shi ne tsarin madannai da aka zaɓa a cikin babbar manhaja. Shi ya sa kwamfutar hannu da aka sayo daga Kano, mai jerin QWERTY, in aka ɗora mata tsarin Faransanci na AZERTY, sai mutum ya taɓa Q ya ga A. Manazarcin harshe ba zai yi mamaki ba, domin dangantakar da ke tsakanin sauti da harafi ma yarjejeniya ce.

Maganin a nan shi ne ƙara tsarin madannai na Hausa da Windows ke ɗauke da shi, ko ɗora manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL. Bayan haka sai batun zanen haruffa. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. In zanen da aka zaɓa bai ƙunshi waɗannan ba, sai a ga ɗan akwati a madadinsu. Zane irin su Charis SIL da Doulos SIL sun ƙunshe su duka, har da alamomin karin sauti. Harafin ƴ ya fi sauran shan wahala, saboda ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ce ta tabbatar da shi, a Nijeriya kuwa an fi rubuta 'y. Akwai kuma tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi da zanen haruffa na shekarun 1990, waɗanda suka ɓoye ƙ da ɗ a mazaunin wasu alamomi. Da zarar an buɗe su a kwamfutar da ba ta da wannan zane, sai baƙi ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Babu sabunta direban da zai warkar da wannan.

Inda direba ke da hannu

Sauti ne wurin da ya fi haɗari, domin ɓarnar da ake yi a nan ba a cika jin ta da kunne ba. Direbobin sauti na zamani sukan zo da wasu gyare-gyare a kunne: rage hayaniya, daidaita ƙarfin murya da kansu, da kashe amsa-kuwwa. An yi su ne domin kiran waya da taron intanet, inda abin da ake so kawai a gane zance. Ga mai nazarin furuci kuwa, waɗannan gyare-gyare ɓarna ce. Mai rage hayaniya yana iya ɗaukar ƙarar zuzau kamar s da sh a matsayin iska ya rage ta. Yana iya dusashe ƴar fashewar da ke bambanta tunkuɗau ƙ da tsayau k, wadda ita ce ke raba kafa da ƙafa. Mai daidaita ƙarfi kuma yakan ɗaga murya ya sauke yadda ya ga dama, ta yadda ba za a ƙara iya kwatanta ƙarfin gaɓa da gaɓa ba. Wanda zai auna bambancin baƙi na launi, mai gajeren wasalin farko da karin sama-sama, da baƙi jam'in baƙo, mai dogon wasali da karin ƙasa-sama, a manhajar Praat ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, yana buƙatar muryar kamar yadda ta fito daga bakin mai ita.

Abin lura shi ne sabunta direban sauti yakan mayar da saituttuka yadda kamfani ya tsara su tun asali. Ɗalibi ya kashe gyare-gyaren a watan jiya, kwamfuta ta sabunta kanta da dare, washegari ya je ya zauna gaban dattijo sa'o'i biyu bai san an sake kunna su ba. Dattijon da ya ba da labarin zamanin Sarki Tanimun kamar yadda ya ji daga kakansa ba lallai a sake samun sa cikin wannan nishaɗi ba, wani lokaci ma ba a sake samun sa a raye. Saboda haka bayan kowace sabuntawa ya kamata a shiga saitin makirufo, a kashe abin da aka rubuta Améliorations audio, a tabbatar ɗaukar tana kan 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, sannan a ɗauki gwaji na minti ɗaya a duba shi a Praat. Satin da za a fita aikin fage kuwa, ya fi kyau a dakatar da sabuntawa gaba ɗaya.

Firinta ita ce ta biyu. Wasu direbobin firinta sukan musanya zanen haruffan da ke cikin takarda da wanda ke cikin na'urar domin sauri, sai kundi ya yi kyau a allo amma ya fito babu ƙugiya. Nan direban kamfanin da ya ƙera firintar, na daidai samfurinta, yakan warware matsalar. Hanya mafi sauƙi ga wanda zai kai aikinsa shagon buga takardu ita ce ya mayar da shi PDF tun daga gida, da zanen haruffan a cikinsa.

Yadda ake sabuntawa

A danna maɓallin Windows tare da X, a zaɓi Gestionnaire de périphériques. Na'urar da ke da matsala takan ɗauki alamar motsin rai cikin ruwan ɗorawa. A buɗe Propriétés, a shiga shafin Pilote, a rubuta sunan kamfani da lambar sigar da ke kai kafin a taɓa komai. Wani abu kan ruɗi mutane a nan: direbobi da yawa na Microsoft suna nuna ranar 21 ga Yuni, 2006. Wannan ba alamar tsufa ba ce. Da gangan aka bar ranar, domin in akwai direban kamfanin da ya ƙera na'urar, nasa ya riƙa samun fifiko.

Wuraren samun direba biyu ne abin amincewa: Windows Update, a sashen sabuntawa na zaɓi, da shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko na'urar. In ba a san sunan na'urar ba, kamar yadda yakan faru da kwamfutocin hannu, shafin Détails yana nuna lambar shaidarta mai farawa da VEN da DEV, ko VID da PID ga masu shiga ta USB, kuma da ita ake gano ta. Manhajojin da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, waɗanda ake yawo da su a filas daga hannu zuwa hannu, ba su dace da kwamfutar da ke ɗauke da aikin shekara uku ba. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, in ya zo da cuta babu abin da ba zai iya taɓawa ba.

Kafin a fara, a kwafe muryoyi da rubutu zuwa wani ma'aji na daban, a kafa point de restauration, a kuma tabbatar batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya barin na'ura ba tsohon direba ba sabo. A riƙa sabunta ɗaya bayan ɗaya, ana sake kunna kwamfutar ana gwadawa. In sabon ya fi tsohon muni, maɓallin Restaurer le pilote yana dawo da na da.

Tsofaffin kwamfutoci suna da tasu damuwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, ta kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanoni sukan bi sahu su daina fitar da sababbin direbobi ga tsofaffin manhajoji. Wanda ke da irin wannan kwamfuta, kuma makirufonsa da firintarsa suna aiki lafiya, gara ya adana kwafin direbobin da ke kai a filas. Makirufon da ya soma ƙara a lokacin hunturu kuma, a fara duba ƙurar da ta shiga kafar jona shi kafin a zargi direba.