Shirun Dawuda da Ɗansa Absalom

Karatu: 2 Sama'ila sura 13 da 14

Wannan darasi domin iyaye ne, da dattawan ikilisiya, da dukan wanda akan kira shi ya shiga tsakanin saurayi ko budurwa da mutanen gidansu.

Ku lura da yadda abin ya soma. Amnon, ɗan farin Dawuda, ya ɓata ƙanwarsa Tamar. Sa'ad da sarki ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya hukunta Amnon ba, ba mu kuwa karanta ya je wurin 'yarsa ba. Absalom, wanda suke ciki ɗaya da ita, ya ce mata ta yi shiru, ta kuwa zauna a gidansa cikin baƙin ciki. Shi kansa ya haɗiye maganar har shekara 2, sa'an nan ya sa barorinsa suka kashe Amnon a wurin bikin sausayar tumaki.

Ya gudu zuwa Geshur, wurin Talmai kakansa na wajen uwa, kamar yadda yaranmu sukan gudu dangin uwa idan gida ya yi zafi. Ya yi shekara 3 can. Yowab ya gane zuciyar sarki tana wurin yaron, sai ya kawo wata mace mai hikima daga Tekowa, ta faɗa wa sarki misali, har ya yarda a komo da shi. Dabara ce mai kyau, gama babba yakan karɓi misali inda ba zai karɓi tsawa ba. Amma aikin Yowab rabi ne. Ya komo da yaron gari, bai komo da shi gaban ubansa ba. Absalom ya ƙara shekara 2 a Urushalima bai ga fuskar sarki ba. Sau 2 ya aika a kira Yowab, ya ƙi zuwa, sai ya sa aka cinna wa gonarsa ta sha'ir wuta. Ran nan Yowab ya zo.

Ya ku iyaye, yaron da ke fasa kaya, ko sata a gida, ko gudun makaranta, sau da yawa ya riga ya yi kira sau 2 ba a amsa ba. Ba mu ce ƙona gona daidai ne ba. Amma mai ba da shawara, kafin ya tambayi abin da yaron ya yi, bari ya tambayi abin da aka yi shiru a kansa. A ƙasarmu kunyar ɗan fari takan ƙara wannan nisa, har uba ya shekara bai zauna da ɗansa ba.

In an kira ka, ka ji yaron shi kaɗai tukuna, kada ka kai wa uban kowace kalma da ya faɗa maka. Ka ji iyayen su kaɗai. Daga baya ka haɗa su a ɗaki ɗaya, ka zauna har su yi magana da bakinsu. Dawuda ya sumbaci Absalom, amma ba a rubuta sun ambaci Tamar ko Amnon ba, sura ta 15 kuwa tawaye ce.

Idan abin da aka ɓoye irin na Tamar ne, wannan ya wuce sulhu na cikin gida. A kai yarinyar asibiti nan da nan, a sanar da hukuma, a sami mace mai aminci cikin ikilisiya ta zauna da ita.