Hakiyar da garkuwar jiki ke haifarwa

Akwai wani ciwon ido da nake gane shi daga labarinsa tun kafin in kunna fitilar awo. Ido ɗaya ne yake ja, yana hawaye, ba ya son haske. In na bi ba'asi sai in ji, "Likita, ai bara ma ya yi mini haka da na tashi daga zazzaɓi. Na ɗiga maganin kemis, ya lafa." Apolo takan kama idanu biyu, ta zagaye gida, ta wuce. Wanda ke dawowa ido ɗaya bayan zazzaɓi kuwa, sau da yawa hapis ne, ƙwayar cutar da ke fito da ƙuraje a gefen leɓe.

Ba abin kunya ba ne. Galibi tun yarinta ake ɗaukarta ta hanyar yawu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita. Jiki ba ya iya kawar da ita. Takan bi jijiya ta laɓe a wani ƙulli cikin ƙoƙon kai, inda jijiyoyin fuska da na ido suka haɗu, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8 suna tsare da ita. Zazzaɓi mai zafi, ƙyanda, zafin rana ko ciwo mai karya garkuwa kan sassauta tsaron, sai ta gangaro. Binciken likitocin ido a Tanzaniya ya nuna tana cikin manyan abubuwan da ke jawo gyambon ido ga yara, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Mu ma nan cututtukanmu ke nan.

Da farko saman gilashin da ya rufe baƙin ido take ci. In muka ɗiga rini muka haska shuɗiyar fitila, sai gyambon ya fito kore, mai rassa-rassa. A nan ƙwayar cutar ce ke ɓarna, garkuwar jiki kuma taimako take yi. Man ido na Acyclovir sau 5 a rana yakan warkar da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Abin da ke makantarwa yana can ƙasa da haka. Gilashin nan kaurinsa kusan rabin milimita ne, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, zarensa kuma a jere yake tsaf, shi ya sa haske ke ratsa shi. In ciwon ya nutsa, fararen ƙwayoyin jini sukan yi dafifi a wurin, su zubar da sinadarai masu narkar da nama, 'yan rukunin da ake kira CD4 a cikinsu su ci gaba da kiran wasu, sababbin jijiyoyin jini su tsiro su kutsa inda bai kamata ba. A wannan lokacin sau da yawa ƙwayar cutar mai rai kaɗan ce ta rage, amma faɗan bai tsaya ba. Kamar gobara ce da aka kashe, ruwan da aka yi ta kwarawa ya lalata kayan ɗaki. Kowane tashi yana barin tabo a kan na baya, har hakiya ta rufe gani.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ɗan kwalbar Dexamethasone ko Betamethasone a aljihun mara lafiya ba tare da likita ya duba shi ba. Waɗannan magunguna garkuwar ido suke kwantarwa. In gyambon yana sama, janye masu tsaro ka yi: ja zai ragu, mutum ya ji daɗi, ƙwayar cutar kuwa ta bazu, gyambon ya faɗaɗa, wani sa'in har ido ya huje. Amma in ciwon ya nutsa, wannan maganin dai shi muke bayarwa da hannunmu, haɗe da mai kashe ƙwayar cutar, mu riƙa ragewa sannu a hankali muna auna hawan ruwan ido. Kallo da ido kawai ba ya bambance matakan biyu. Ni kaina sai da rini da madubin awo nake rabewa.

Wani tarkon kuma, hapis yana kashe jin ido. Nakan taɓa idon da zaren auduga, mutum ko ƙiftawa bai yi ba, yana ce mini, "Ai da sauƙi, ya daina zafi." Sai in ce, "Baba, rashin zafin ne ya fi tayar mini da hankali."

Ga wanda ciwon ke yawan dawo masa, wani babban bincike da aka yi a Amurka a shekarun 1990 ya nuna shan Acyclovir miligiram 400 sau biyu a rana tsawon shekara ɗaya yana rage dawowar da kusan rabi. Likita ne zai yanke wannan, bayan ya duba lafiyar ƙoda. In hakiya ta riga ta zauna a tsakiya, sai dashen gilashin ido, wanda samunsa ke da wuya a ƙasarmu, kuma idon da jijiyoyin jini suka mamaye ya fi saurin ƙin dashen.

Don haka ido ɗaya da ya yi ja, yana gudun haske, ko gani ya dushe, a kai shi asibitin ido cikin kwana ɗaya ko biyu, ko na jiha ne, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a sa masa ruwan ganye, nono ko kwalli. A taho da duk kwalaben da aka ɗiga, har waɗanda suka ƙare, a kuma gaya mana ko ya taɓa tashi a baya.