Amsar Tambaya: Littafin Farawa da Ƙasusuwan Gadufawa

Wata ɗaliba Kirista daga Jos ta rubuto cikin damuwa: malaminta na koyar da juyin halitta, Littafin Farawa kuwa ya ce cikin kwana shida aka halicci duniya. Shin dole ta yar da ɗaya?

Ba dole ba ne. Ƙasusuwan da masana ke tonowa dai ba ƙage ba ne. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono Nigersaurus, dabba mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A Chadi kuma, a 2001, aka samu ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da aka sa wa suna Tumai, mai kusan shekara miliyan 7.

Shi kansa Littafin Farawa ya ce sai a kwana na huɗu aka halicci rana da wata. To, da me aka auna kwana ukun farko? Tun ƙarni na 5 malamin Kirista Agustin na Hippo ya fahimci cewa waɗannan ba irin kwanakinmu ba ne. A 1996 Paparoma John Paul na Biyu ya amince cewa juyin halitta na da hujjoji masu ƙarfi, amma ruhin mutum daga Allah yake.

Akwai ikkilisiyoyin da ba su yarda da wannan fahimta ba. Ya kamata ɗalibar ta zauna da fastonta, kuma kada ta bar ajin kimiyya.