Darasin Kasuwanci: Harufa Ɗaya, Ma'ana Daban-Daban

Bayan lalata turakun da ke kai wutar lantarki Maiduguri daga Damaturu a watan Janairun 2021, 'yan kasuwar birnin sun duƙufa wajen sayen janareto da kayan wutar sola. Takardun wannan ciniki kuwa cike suke da taƙaitattun harufa, waɗanda ma'anarsu ke sauyawa daga wannan fanni zuwa wancan.

Ga injiniya, AC na nufin wutar da ke kai da komo, irin wadda ake rarraba wa gidaje, saɓanin DC ta batir. Ga mai sayar da kayan gida, AC na'urar sanyaya ɗaki ce; a banki kuma asusun ajiya ne. Haka nan PV: a fannin makamashi faifan sola ne, amma a ofishin akanta takardar biyan kuɗi ce.

Girman harafi ma yana da tasiri. Tashar wuta mai amfani da iskar gas da aka buɗe a Maiduguri a 2023 tana da ƙarfin 50 MW, wato wat miliyan 50, alhali mW kashi ɗaya ne cikin dubu na wat guda. Kazalika kVA ba kW ba ne: babban janareto mai 100 kVA yakan bayar da kimanin 80 kW ne kawai, kuma wanda ya haɗa su zai sayi injin da ba zai ɗauki kayansa ba.

Saboda haka ya wajaba ɗan kasuwa ya nemi a rubuta cikakkiyar ma'anar kowane harafi a takardar oda kafin ya biya kuɗi.